Hular Sule ɗan Kwanyawa

A gidanmu na Zoza, da hular kwano ake ba kaji ruwa. Baba ne ya dawo da ita daga yaƙin basasa. Wata la'asar na zubar da ruwan, na kifa ta a kai ina fareti. Baba yana ɓarar gyaɗa, ko ɗagowa bai yi ba.

"Kai, cire ta. Ta Sule ce, ɗan Kwanyawa. Ni na zuga shi muka kai kanmu soja, ba wanda ya tilasta mana. Na kai wa uwarsa hular, ta ce ɗanta take jira."

Na cire. Yau na haura hamsin. Duk shekara ina ganin manya a talabijin suna ajiye furanni don tunawa da sojojin da suka mutu, amma ban taɓa jin wani ya ambaci sunan Sule ba.