Baƙin Ƙulli a Tankin Ƙasa

Yaya ya durƙusa ya buɗe durowar da ke ƙarƙashin tankin kifinsa, sai ya ga ruwan matatar da ke ciki ya haura alamar da ya yi da jan fenti. Da safe a ƙasan alamar ya bar shi. Wani ya taɓa masa kaya.

Sana'arsa yankan gilashi, kuma duk gidan babu abin da yake ji da shi kamar tankin nan na ruwan gishiri da ke falo, mai kifaye masu launi da murjani mai rai, irin wanda ke tsiro a ƙarƙashin teku. Matatar da ke ƙasa shi ya zana ta da hannunsa. Tsohon tanki ya raba gida uku da ɓallin gilashi: ruwa ya sauko ya bi ta soso, ya ratsa duwatsu, inji ya mayar da shi sama. A kan bututun komawa ya ɗaura wani bawul mai ruwan zinare da ya gani a kasuwa, don rage ƙarfin ruwa.

Ƙaninsa Auta mai gyaran famfo ne, gida ɗaya suke da Innarsu. Shekara biyu ke nan ba sa ga maciji, tun rigimar wanda zai riƙe ɗakin aikin mahaifinsu. Ranar da Yaya ke haɗa bututun, Auta ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Yaya, da ka bari na duba maka."

"Je ka duba masai," in ji Yaya. "Can ne ofishinka."

A mako na biyu dodon koɗin da ke lasar gilashi suka fara faɗowa ɗaya bayan ɗaya. Murjanin ya koɗe, bai mutu ba, bai kuma warware ba. Yaya ya canza soso, ya wanke duwatsu, ya sake auna gishiri. Babu sauyi.

Sai ya fara lura. Kafet a jiƙe kusa da durowa. Farin busasshen gishiri a bakin ƙofar falo, shatin gindin jarka. Kullum da rana abin ke faruwa, lokacin da yake shago.

Wata Laraba ya tura hannu bayan duwatsun, ya zaro wani ƙulli na tsumma ɗaure da zare, cike da baƙin abu. Ya kai gaban Inna ya jefar.

"Ga aikin autanki. Asiri ya koma yi mini."

Inna ta ce ya ji tsoron Allah. Ya ce shi dai zai kama shi da hannu.

Washegari ya fita kamar kullum, ya zagaya ya dawo da azahar. Ya tarar da Auta a durƙushe gaban durowar, tiyo na zuƙe ruwa zuwa bokiti, jarkoki biyu a gefe, sifana a hannunsa ya kama bututu yana murɗawa.

Yaya bai tambayi komai ba. Ya shaƙo wuyan rigarsa ya maka shi da bango.

"Ka saurare ni minti ɗaya," in ji Auta.

"Munafuki! Ɗakin aikin bai ishe ka ba, sai ka kashe mini abin da na raina?"

"Yaya, wallahi..."

Mari ya katse shi. Inna ta shigo tana salati, ta shiga tsakani. Auta ya shafa kuncinsa, ya dubi tankin, ya dubi wansa.

"To. Zauna da kayanka."

Kafin la'asar ya kwashe tufafinsa ya koma ɗakin aiki. Yaya ya tuntsurar da jarkokin a kwata, ya canza kwaɗon falo, ya sa mabuɗi a aljihu. Inna ta daina cin abinci tare da shi. Bai damu ba, ya ce yanzu murjani zai huta.

Kwana tara, murjanin ya koma fari fat kamar ƙashi. Jatan landen da ke tankin duka suka mutu. Wari ya cika falon.

Yaya ya ɗebi ruwan a kwalba, ya ɗauki hoton matatar a waya, ya nufi shagon mai kayan kifi da ke can ƙarshen gari, wanda ke da abin gwaji. So yake a faɗa masa sunan gubar, ya tara dangi ya tona asirin Auta.

Mai shagon ya ɗiga magani a ruwan, ya jira launi ya fito. Ya karɓi wayar ya ƙura wa hoton ido.

"Wa ya ɗaura maka wannan bawul ɗin?"

"Ni. Me ya faru?"

"Tagulla ce. Ruwan gishiri na cin ta, tana zuba jan ƙarfe. Kifi kan jure, murjani ba ya jurewa. Tun yaushe yake ciki?"

"Wata biyu."

Mai shagon ya girgiza kai. "Ai kuwa murjanin ya yi ƙoƙari. Sai dai in kullum ana canza ruwa." Ya miƙa masa wayar, ya juya yana wanke kwalbar gwaji. "Kai ne na biyu da irin wannan. Akwai wani mai gyaran famfo, ya ce wansa ya sa tagulla kuma ba ya jin magana. Kullum da rana sai ya zo ya ɗauki jarka biyu na haɗaɗɗen ruwan gishiri, da gawayin tace guba yana ƙullawa a tsumma. Zuwansa na ƙarshe bawul na roba ya saya, ya ce ko za a kashe shi sai ya canza. Kwana tara ban gan shi ba, ina ga wan nasa ya ji magana."