Tazarar Silin Gashi

Kai da kake cewa abin da ka iya tun kana saurayi ya ishe ka har tsufa, gyara zama ka ji wannan.

An yi wani mabushi da ya yi ritaya daga 'yan badujala. Abin busarsa tirambon ne, ƙahon nan na tagulla mai dogon hannu da ake turawa ana jawowa. Ba shi da rami, ba shi da abin dannawa, sautinsa yana tsakanin kunnenka da gwiwar hannunka. Mutumin nan kuwa ga kunne kamar na zomo, ga baki ya fi kunnen. A majalisa yakan ce ko sauro ne ya yi kuka a bayan ɗaki, zai kama muryarsa ya raka shi har gida. Kuma ba duka ne ƙarya ba. Duk shekarun aikinsa abu ɗaya aka dasa masa: in na kusa da kai ya busa, ka bi shi ka haɗe, har ƙaho biyu su zama ɗaya. Wanda ya kauce, ranar sai ya yi tsallen kwaɗo.

Ana nan sai wata malamar kiɗa ta tsara sabon sauti na zamani don ƙaho biyu, ta nemo shi, ta nemo wani siririn mabushi da ya koyi sana'ar a coci. Tun bai ji kiɗan ba, gogan naka ya cika unguwa cewa zai koma dandali. Ashe a tsakiyar kiɗan akwai wani dogon wuri da ba a son su haɗe. Siririn zai riƙe sautinsa, shi kuma ya tsaya a gefensa, tazarar silin gashi, kada ya matso, kada ya yi nisa. In tazarar ta zauna daidai, sautukan biyu sai su riƙa gogar juna, iska ta kama kaɗawa wu-wu-wu, har mai sauraro ya ji ta a haƙarƙarinsa. Wannan kaɗawar ita ce zuciyar kiɗan. To, da ya ɗora baki, kafin ya ankara hannunsa ya zame ya je ya haɗe da siririn, sumul, kamar a filin fareti. Aka sake, haka. Aka kuma sakewa, haka. Kunnen da yake taƙama da shi ne ke jan hannun, kamar akuyar da aka sayar tana tsinke igiya ta koma tsohon gida. Da malamar ta gaji sai ta ce, "Baba, busarka ta yi kyau, kyan ne ba na so. In ba ta karkace yadda na tsara ba kafin ranar wasa, wani zan nema."

Mai baki irin nasa, ina zai sa fuska a majalisa? A maƙwabtansa akwai injin markaɗe. Kullum da hantsi sai ya ɗauko ƙahonsa ya zauna a benci tsakanin robobin tattasai da na wake, ya lalubo muryar injin, in ya same ta ya janye hannu kaɗan ya ƙi ta. Injin kuwa ba mutunci gare shi ba: in an zuba masa wake muryarsa ta sauka, in ya cinye sai ta hau. Dole tsohon ya riƙa binsa sama da ƙasa ba tare da ya taɓa shi ba. Mata masu kawo markaɗe suna toshe kunne suna cewa, "Baba, lafiya kuwa? Ko a kira maka 'ya'yanka?" Mutumin da ba a taɓa kayar da shi a magana ba, sai ya ci gaba da busarsa, bakin yana cikin ƙaho. Leɓensa ya tsage, kafaɗa ta riƙe, haƙoransa suna tsami kamar ya tauna ɗanyar tsamiya. Bai fasa ba, har ranar da kaɗawar ta tashi tsakaninsa da injin, ya riƙe ta, hannun bai gudu ba.

Ranar wasa zauren ya cika, har da 'yan majalisa da suka zo ganin ƙarshen cika baki. Aka iso dogon wurin, tsohon ya tsaya a gefe, iska ta soma kaɗawa. Jama'a suka zaci kuskure ne. Aka fara yamutsa fuska, wani ya ƙyalƙyale da dariya. Siririn, wanda bai taɓa kaucewa a gwaji ba, sai tsoro ya kama shi, ya soma matsowa yana neman ya haɗe da tsohon ya ɓuya a cikinsa. Kaɗawar ta yi sanyi, tana neman mutuwa. Tsohon ya ja da baya, silin gashi. Siririn ya biyo, tsohon ya sake ja. Wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana bin na kusa da shi, yau shi ake bi yana zillewa, jijiyar wuya a miƙe, gumi na ɗiga daga haɓa. Da siririn ya ga babu mafaka sai ya tsaya da ƙafarsa. Nan kaɗawar ta cika zauren, gilasan taga suka ɗauka, mai dariya ya manta bakinsa a buɗe. Da suka sauke ƙahonin, sai da aka yi jim kafin wani ya tuna ana tafi. Malamar ba ta nemi kowa ba.

Ka ga abin da Hausawa ke nufi da suka ce, in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya.