Murmushin Goggo Delu

Tun da hukuma ta kafa dokar inganta gidajen tsofaffi, aka maƙala wata 'yar na'ura a saman kowane gado, tana ƙirga murmushin mai gadon. Tsohon da ya gaza yin goma a yini, mai kula da shi ake tuhuma.

Ranar Talata da hantsi aka fita da gawar Iya Yagana, wadda suka shekara shida ɗaki ɗaya da Goggo Delu. Goggo ta juya fuska bango, ko kunun da aka kawo ba ta taɓa ba. So take ta yi kuka ya ishe ta, kamar yadda ake yi a da.

Bayan la'asar Hansatu ta shigo ta durƙusa gefen gado. Ita ce ke yi wa Goggo wanka, ta shafe mata ƙafa da man kaɗanya.

"Goggo, ya haƙuri? Allah ya jiƙan Iya." Ta saci kallon na'urar. "Yau ko ɗaya ba ta ƙirga ba."

"To, me za su yi miki, 'yar nan?"

"An ja min kunne sau biyu. Na uku kora ce."

Goggo Delu ta ɗaga fuska ta yage baki. Na'urar ta yi 'yar ƙara. Ta sake, ta kuma sakewa, hawaye na gangara cikin kunnenta.

"Riƙe min hannu," in ji ta. "Saura bakwai."