Allon Alhaji Mala

"Duk wanda ya gama aikinsa ya goge layinsa," in ji Alhaji Mala, yana bubbuga baƙin allon da ya kafa a gefen shanunsa a kasuwar Potiskum. "Na gaji da bin ku ɗaya-ɗaya ina tambaya."

Ya sa Joda, babban makiyayinsa, ya rubuta ayyukan: sa wa shanu lamba, takardar likitan dabbobi, igiyoyi, ciyawar hanya. Da la'asar tirela za ta tashi zuwa Legas.

Bayan azahar Alhaji ya dawo ya tarar da allon fes. Nan take ya yafito dillalai su zo su ga tsari.

"Ko mutum ɗaya ban tambaya ba, aiki ya ƙare. Direba, matso da mota."

Joda ya sosa ƙeya. "Alhaji, ko lambar ma ba mu fara ba fa."

"To wa ya goge?"

"Alli ne na nema na rasa, sai na rubuta da kanwa."

Alhaji ya waiwaya. Wani farin bijimi na tsaye gaban allon, yana lashe kusurwar ƙarshe.

"Shi dai ya gama nasa, Alhaji," in ji Joda.