Makirufon Ƙarfe na Barmo

Shekara bakwai ke nan da aka hana ɗaga murya a ƙasar, kuma duk makirufon da aka ƙera tun lokacin, in ka yi masa ihu sai ya mayar da shi lallashi. Barmo mawaƙin 'yan dambe ne. Ranar Laraba likita zai yi masa aiki a maƙogwaro, daga nan shi da waƙa har abada. Shi ya sa ya nufi shagon Tukur mai ɗaukar sauti, yana so a ɗauki kirarinsa sau ɗaya da duk zafinsa.

Tukur ya miƙo masa wani farin makirufo. Barmo ya gwada, lasifika ta fito da murya kamar ta mai rarrashin jariri.

"Kai, wannan ai na ɗaurin aure ne. Ina na ƙarfen nan, mai shan tsawa bai girgiza ba?"

"Baba, so kake a rufe mini shago?"

"Ubanka na yi wa kirari ya kayar da ƙatti uku rana ɗaya. Ɗauko."

Tukur ya ja ƙofa, ya zaro tsohon daga cikin buhu. Barmo ya damƙe shi, ya cika ƙirji har jijiyar wuya ta miƙe, ya saki.

Suka saurari abin da aka ɗauka. Murya ce sanyi-sanyi, mai ladabi.

"Shi ma sun taɓa shi," in ji Barmo.

Tukur ya sunkuyar da kai. "Baba, ba wanda ya taɓa shi. Ina tsaye kusa da kai. Haka ka faɗa."