Matar da Ta Wanke Inji Kamar Ƙwarya

Tunda kana kukan ruwa ya yi maka kaɗan a wurin aikinka, gyara zama in ba ka misali.

An yi wata mata a wani ƙauye, ita da mijinta suna da shanun tatsa goma sha biyu. Tun tana yarinya da hannu take tatsa, har wata shekara mijin ya sayar da bijimai biyu ya sayo injin tatsa, mai tulun ƙarfe da mesa da robobin da ake maƙala wa hantsar saniya. Daga ranar ya hana ta taɓa shi, wai wannan ba ƙwarya ba ce, kayan birni ne, shi zai riƙa wankewa. Wankin nasa kuwa abin kallo ne. In an gama tatsar safe sai ya jingine injin, ya kai madara bakin titi wurin motar masu saye, ya zarce teburin mai shayi ya gyara wa duniya zama, sai rana ta take ya dawo. Kafin nan madarar da ta rage a cikin mesa ta bushe ta kama jikin roba. Sai ya hura wuta ya tafasa ruwa duro guda, ya kwarara shi da zafinsa, ya tada janareto injin ya yi ta zuƙa yana fesarwa. Bawan Allah bai san tafasasshen ruwa dafa madara yake yi ba, ya ƙara manna ta kamar ƙanzo a gindin tukunya. In ya leƙa ya ga fari-fari sai ya ƙara wani duron. Duro uku yake ƙararwa kullum, da itace dami biyu, ga man janareto, amma duk da haka sau biyu a mako masu saye kan shinshina madarar su dawo masa da ita, ta fara tsami. Matar tana gani, abin yana cin ranta.

Ana nan bazara ta shigo da zafinta, rijiyar burtsatsen garin ta ja baya, mata suka riƙa kafa layi tun asuba a kan ruwan da bai fi kaurin yatsa ba. Dattawa suka zauna, mai unguwa ya aiko wa mijin cewa ba za a bar mutane da ƙishi ana wanke ƙarfe ba. Ban da abin da shanu za su sha, garwa huɗu aka yanka masa a rana. In ba ta ishe shi ba, ya kai shanunsa kasuwa. Mijin ya ce garwa huɗu ko jiƙa mesa ba za ta yi ba, kuma shi ba zai koma tatsa da hannu a yi masa dariya ba, ya aika wa dillali ya zo ran kasuwa ta sama. Hankalin matar ya tashi ƙwarai, don uku daga cikin shanun nan gadon mahaifiyarta ne, sauran ma a hannunta aka haife su. Ta same shi ta ce, "Malam, ba ni kwana bakwai. Madara dai madara ce, ko a ƙwarya ko a ƙarfe. In ta yi tsami ko sau ɗaya, ni da kaina zan miƙa wa dillali igiya." Ya yi dariya ya ce ga ta ga injin.

Ranar ta kwance robobin ta jiƙa su a ruwan tsamiya har tsohon ɓawon ya saki. Kashegari, ana cire roba daga hantsar saniyar ƙarshe, ko numfashi ba ta tsaya yi ba, ta zuba garwa ɗaya ta ruwa mai ɗumi kamar jikin mutum. Madarar tana da danshinta, ta bi ruwan ta fice salin alin, ta tari farin ruwan ta ba maruƙa suka shanye. Sai ta kawo garwa ta biyu mai zafi da sabulu, wadda ta ɗora a murhun da ta dama koko, ba ta hura wata wuta dominta ba. Janareto bai gama gyaran murya ba ta kashe shi. Da garwa ta uku ta ɗauraye, ta tara ruwan a baho ta wanke daɓen wurin tatsa, sannan ta rataye mesa baki ƙasa ta tsane. Garwa ta huɗu kuwa ta ɗauka a ka, ta ratsa tsakiyar gari da ita, ta juye wa wata tsohuwa da ke ƙarshen layin rijiya, kowa yana kallo.

Haka ta yi kwana bakwai, madara ba ta dawo ko sau ɗaya ba, har direban motar yana tambaya ko sabon inji aka saya. Farin ciki ya cika ta, ba ta kuma ɓoye shi ba, da waƙa take wankin. Ran kasuwa dillali ya iso da igiyoyinsa, ta dama masa fura da kindirmon shanun da ya zo ɗauka, ya sha ya yi hamdala, ya naɗe igiyoyinsa ya koma yadda ya zo. Shanu goma sha biyu suka ga damina a garkensu.

To ka ji. Abin da duro uku ya kasa fitarwa da tsakar rana, garwa ɗaya ta fitar da shi da safe, don an zuba ta a kan kari. Shi ya sa Hausawa suka ce, tun ran gini, tun ran zane.