Kaskon Kusurwar Gabas

Ke da kike cewa ɗakin maƙwabciyarki ba tsari, ajiye muciyar nan ki saurara. Yoyo iri-iri ne. Na randa, ƙasan gindinta ke tona shi. Na buhu, kaji ke fara gani. Na baki kuwa, sai kin ji zancenki a bakin rijiya. Amma na rufin soro, duk rani lafiya lau yake.

An yi wata mata mai tsabta, ko tsinke ba ta bari a ƙasa. Da bazara ta kai wa gwaggonta ziyara ƙauye, ta tarar da ɗaki kamar an yi dambe a ciki: gado a karkace, buhun irin gyaɗa bisa dutse a tsakiyar ɗaki, sai an kewaye shi ake wucewa, ga wani tsohon kasko a kusurwar gabas, ba komai a cikinsa. Ta ce a ranta, tsufa ya kama Gwaggo. Ana nan aka yi rasuwa a wani gari, tsohuwa ta tafi zaman makoki na kwana bakwai. Ita kuwa ta ci ɗamara. Ta jefa kasko juji, ta miƙar da gado, ta ja buhu ta jingina shi a kusurwar nan da ta ga ta fi dacewa da shi. Ta share tas, ta kulle, ta bar mabuɗi wurin maƙwabta, ta koma gida tana jin ta yi aikin lada.

Kwana biyu tsakani aka yi ruwa da la'asar, irin na bazara da ba ya isa shuka. Ranar da ta dawo karɓar godiya, wari ne ya tarye ta tun daga ƙofa. Ga Gwaggo zaune, ta zazzage buhu a tabarma, rabi ya yi tsiro, rabi ya yi funfuna. Irin da ta tsince ƙwaya-ƙwaya tun kaka ke nan, ga damina ta ƙarato. Tsohuwa ba ta ɗaga murya ba, ba ta ma ɗago kai ba.

"Ɗiyata, ina kaskona? Shekara tara yana tare min ruwan kusurwar nan."

Matar ta ɗaga ido, sai a lokacin ta ga baƙin tabo a jikin azara, daidai saman inda ta jingina buhu.

To, ɗauki muciyarki. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.